Yajin Cin Abincin Iya Morag

Jidda, 3 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Ikilima,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Kin tambayi wadda nake jinya. Surukar kafilina Abdulghani ce, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, Iya Morag, 'yar Sikotland, shekarunta saba'in da tara. Shanyewar ɓarin jiki ta sa 'yarta ta ɗauko ta. Da guntun Faransancinta muke hira.

Tana da shekara sha biyar ta shiga masaƙa a garinsu Dundee. Can ta fara haɗa kan mata ma'aikata, har aka zaɓe ta kansila sau biyar. Jam'iyyarta ta kore ta don ta ƙi sa hannu a rushe gidajen talakawa. Ta tsaya ita kaɗai, ta faɗi zaɓe, ta ce ba ta taɓa nadama ba.

Ranar Litinin ta tambayi ranar hutuna. Na gaya mata ba ni da shi, fasfona ma yana hannun maigida. Tun ranar ta ƙi cin abinci, ta ce sai an ba ni hutu da fasfona, yau kwana uku, sai ruwa. Na roƙe ta har da hawaye, don in wani abu ya same ta ni za a kama. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Haoua

Jidda, 20 ga Sha'aban

Yaya Ikilima,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ki kwantar da hankalinki. A kwana na huɗu maigida ya shigo ransa a ɓace, ya ajiye fasfona da iƙama, takardar izinin zamana, a kan gadonta, ya ce halas, shi ke nan, Juma'a tawa ce. Sai da ta ga na sa su a jakata kafin ta karɓi kunun da na dama.

Amma jikinta bai koma daidai ba. Makon jiya ta rasu, kanta bisa hannuna. Wallahi har yanzu ina tambayar kaina ko kwanakin yajin nan ne suka ƙarasa ta. 'Yarta ta ce ko likita bai isa ya hana ta ba.

Sadiyya, mai aiki a bene na sama, shekara biyu ba ta fita ba. Ta roƙe ni in raka ta gaban uwargijiyarta gobe, ta nemi nata hutun da fasfonta. Tsoro nake ji, Yaya, amma na riga na ce mata to.

Ki gaida Inna.

Taki,
Haoua