Abin da Na Dama Ranar Sunan Hauwa'u

Panyu, Guangzhou,
Ranar Laraba.

Zuwa ga angona Sharfaddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyayenka da ƙannenka. Allah ya ƙara maka basira a karatun da kake yi, ya rage maka rowar da ta sa har yau ba ka saya wa tsohuwar matarka ko ɗankwali ba. Mu nan jiki lafiya. Mas'uda matar baffanka ta sauka lafiya kamar yadda ka ji, jaririya ta ci sunan Hauwa'u, kuma hancinta irin naka ne, Allah ya ba ta haƙuri. Baffanka Abdulgafar yana nan yana fama da cinikin takalmansa a kasuwar Zhanxi Lu, ya fita da sassafe sai magariba. Za ka ce me ya kai tsohuwa ɗaukar biro alhali ga waya. Wayar kuwa Mas'uda ce ke danna min, bangon gidan nan kuma kamar kwali yake, ko tari ka yi an ji. Alhaji Ghali zai taso gobe, shi zai kawo maka. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, inda ka kasa karantawa ka cike da hankalinka in kana da shi.

Na san labarin ranar suna ya riga takardar nan isa Kano, don bakin 'yan kasuwa ya fi jirgi sauri. To abin da ka ji rabi ne. Ka san wankan jego aka kawo ni yi, wata uku ke nan. Tun zuwana ban tsinana komai ba. Ruwan wanka inji ke dafawa, wanki inji, ƙofar gida ma da yatsa ake buɗe ta kuma ta ƙi sanin nawa. Na nemi kanwa aka ce meyo, wato babu. Na nemi tsamiya, meyo. Sai na ce a raina, ko ba komai ranar suna baƙi za su sha kunun zaƙin Yalwa, su san akwai uwa a gidan nan.

Gero akwai, amma wani ɗan mitsitsi ne rawaya, irin wanda ake ba kanari. Tsiron shinkafa da busasshen dankalin da ke sa kunu zaƙi babu su. Sai na ga mutanen nan suna da wani ɗan koren wake da ke tsirowa cikin kwana biyu, na ce ai tsiro tsiro ne. Na jiƙa, na shanya a baranda, na niƙa da citta da kanumfari. Angona, abin da ya fito ko akuya ba za ta sha ba, ƙarnin ɗanyen wake har cikin labule. Na sake da waken suya, na sake da wani jan wake, na ƙara gyaɗa. Baffanka ya kurɓa ya ce Allah ya saka da alheri, sannan na ji shi a banɗaki yana kurkure baki.

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar, sa'ata, ƙofarta na kallon tamu. Sunanta ya gagari harshena, sai nake ce mata Maidaji saboda barandarta cike take da shuke-shuke. Ba ma jin juna, amma muna gaisawa da kai. Washegarin haihuwa da muka dawo daga asibiti ta ji kukan jaririya, sai ga ta da kwanon dafaffiyar shinkafa mai danƙo da wasu fararen dunƙule guda huɗu, kamar ƙananan dawon fura. Ta nuna Mas'uda, ta nuna ƙirjinta, na gane maganin ruwan nono ne. Ta nuna min a murmushe dunƙulen, a barbaɗa, a rufe da zane, ta ɗaga yatsu uku. Ashe su ma suna da nasu abin ba mai jego. Matar nan alheri ta yi nufi, duk wanda ya zage ta a gabanka ka tsawatar masa.

Na haɗa shinkafarta da gerona da tsiron wakena a babban bokiti, na barbaɗa, na rufe. Kwana uku na buɗe. Ba sukari ko ƙwaya, amma zaƙi kamar an zuba zuma, ƙarnin wake ya tafi. Mas'uda ta sha ta ce tun barinta Kano ba ta ɗanɗana irinsa ba. A nan Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Na ce abin da ya yi haka a kwana uku, ina ga ya yi shida? Na ƙara ruwa da sukari don ya ishi jama'a, na mayar da zane, na tura shi lungun kicin inda zafin garin nan ya fi taruwa.

Ranar suna falo ya cika, 'yan kasuwa da ɗalibai, wasu har a ƙofa. Aka zuba da ƙanƙara, kowa yana neman ƙari. Alhaji Tankari, dattijon nan ɗan Nijar da ke ja musu salla, ya sha kofi huɗu, ya ce a kira masa wadda ta dama ya sa mata albarka. Da aka zo addu'a ya ɗaga hannu ya fara lafiya, yana tsaka sai ya kama dariya, daga dariya ya koma kuka yana kiran sunan matarsa da ta rasu shekara goma. Wani mai sayen kaya a kasuwar Baima ya tashi ya gaya wa abokin cinikinsa duk abin da ya daɗe yana ci masa rai. Sai wata ɗaliba, Radiyya, mai karatun haɗa magani, ta shinshina kofinta ta ajiye, ta ja baffanka gefe ta gaya masa wannan giya ce. Ban taɓa ganin falo ya watse shiru haka ba. Kowa na neman takalminsa ba ya kallon ɗan'uwansa.

Washegari Alhaji Tankari ya zo da kansa, kansa a ɗaure. Ya ce kada in sa komai a raina, wanda bai sani ba Allah ba ya kama shi, kuma su ma da suka sha ba su da laifi. Duk wanda ya zo haka yake cewa, Inna Yalwa ba ta sani ba, tsufa ne da baƙunta. Wasu ma sun fara mayar da abin wasa. Wannan yafiyar ita ce ke kashe ni, don ba tawa ba ce.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko kakanka har ya koma ga Allah. Kakata ta wajen uwa Bamagujiya ce, burkutu take dafawa a ƙauye. A hannunta na tashi har na shekara tara. Ni ke baza mata tsiron dawa a tabarma, ni ke kasa kunne a bakin tulu in gaya mata ya fara magana. Da safen ranar suna da na ɗaga zanen nan, na ji bokiti yana magana. Na ga kumfa tana tasowa tana fashewa, ƙamshin ya bugi hancina, sai ga ni a tsakar gidan kakata ina 'yar shekara bakwai. Na sani, Sharfaddeen. Na tsaya da ludayi a hannu na kai minti goma. Baƙi sun fara sallama, an riga an gaya wa kowa akwai kunun gida, ni kuma wata uku ina zaune kamar kujerar da aka saya aka rasa inda za a ajiye. Sai na ce wa kaina ai tsami ne kawai. Na ƙara citta, na ƙara ƙanƙara, na fitar.

Da haka ya tsaya, da na mutu da abina. Amma da Mas'uda ta miƙo kofi daga ɗaki na hana ta, na ce mai jego ba ta shan sanyi. Ni kaina ban kai shi baki ba. Baffanka ya gani. Bayan kwana biyu ya same ni a kicin, ya tambaye ni a hankali me ya sa na hana matarsa. Na ce ƙanƙara. Ya ce ni da nake gane miyar da ba daddawa tun daga zaure, ban ji warin komai ba? Na ce mura nake yi. Ya kalle ni, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita. Bai ɗaga murya ba, ka san halinsa. Yau kwana goma sha ɗaya bai ci abin da hannuna ya taɓa ba. Yana gaishe ni safe da yamma, har ƙasa, ya tambayi gwiwata, sannan ya buɗe abincin da ya sayo a leda ya ci. Shekaranjiya na dafa masa shayi, ya ce ya gode, na same shi a tebur ya huce yadda na ajiye. Yaron da na yaye da kunu, wanda ko makaranta ba ya tafiya sai na ba shi a baki. Ya kuma matso da ranar komawata, saura kwana tara, ko arba'in ɗin Mas'uda ba zan gani ba. Ya ce saboda sanyi ya kusa, alhali gumi muke yi.

Ba na roƙonka ka yi masa magana, kada ma ka soma. Na rubuto maka ne don in gwada faɗar abin ga mutum ɗaya in ga ko zan mutu. Ban mutu ba, ga shi har na kusa cika takarda. Jibi Juma'a, in ya dawo masallaci, zan tuƙa tuwon shinkafa, in ajiye a gabansa a rufe, in gaya masa duk abin da na gaya maka, har da kakata. Daga nan in tafi gidan Alhaji Tankari in mayar masa da yafiyarsa, in nemi wata in zai bayar. Ban sa ran baffanka zai buɗe kwanon ba. Amma gara ya ƙi shi yana sane da abin da ya ƙi.

Ka gaishe min da babanka Ja'afaru da innarka Zulaiha, ka ce na ga hoton tagwayen akuyar. Ka gaida ƙaninka Ilu, ka ce ya daina zama a kujerata. Kada ka karanta musu takardar nan. Ranar da zan sauka ka zo filin jirgi kai kaɗai, kada a yo min gayya. Ka taho da yunwarka, don ina isa gida zan ɗora tukunya, kuma ina son mutum ɗaya ya ci ba tare da ya fara shinshinawa ba.

Taka har kullum, ko ka so ko ka ƙi,
Kakarka Yalwa.