Taibatu, Na Ajiye Safar Hannuna

Zuwa ga Taibatu ɗiyar Alhaji Tukur, sanyin idona, hasken safiyata, ruwan kanal ranar da aka sako shi gona tana kukan ƙishi! Assalamu alaikum. Ina kwananki, ina gajiya? Yaya Inna da ƙafarta, yaya mutanen gida manya da ƙanana? Ina gaishe ki gaisuwar wanda bai san ko za a amsa masa ba. Daga Maradun nake rubuto miki, daga ɗakin Kawu Gidaɗo, ba daga Amurka ba. I, na dawo. Ga garinku Mafara nan kusa kamar in miƙa hannu in taɓa, amma wallahi lokacin da teku ke tsakaninmu na fi jin ina kusa da ke.

Kin tuna ranar da muka fara magana, farar kurciyata? Muna lodin kankana a gonakin Bakolori, ana jefo min daga ƙasa ina cafewa a saman mota, rana ta take, gumi ya rufe min ido. Sai ga ki da ƙawayenki a ƙetaren kanal kun dawo daga tsinkar tumatir. Kika ce wai an ce ba abin da ke faɗuwa daga hannun Nasidi, bari ki gani. Kika wurgo min gwaiba. Ni kuwa, sakarai, na tsaya kallon fuskarki, gwaibar ta same ni a goshi, ta gangara ruwa ya tafi da ita. Kai, dariyar da kika yi! Har kika dafa ƙawarki don kada ki faɗi. Duk tafin da aka yi min a duniya bai kai min wannan dariya ba.

Hannun nan dai shi ya kai ni inda na je. Wani ya ɗauki hotona a waya ina lodi, hoton ya yi ta yawo har ya kai ga masu neman dogayen samari masu gudu, aka kira ni Legas gwaji, daga can sai jirgi. Ƙwallonsu ba irin tamu ba ce, doguwa ce kamar gwanda, kuma da hannu ake yin ta. Aikina ɗaya ne: in sheƙa da gudu ta gefen fili, mai jifa ya jefo ta sama, in cafe kafin ƙarti su murƙushe ni. Shekarar farko a benci na ƙare ta, sanyi na cin ƙashina, ina cin abincin da ba yaji ba daddawa. Ta biyu aka fara sa ni. Ta uku kuwa, Taibatu, fili guda ke miƙewa yana kiran sunana, ba su ma iya faɗinsa daidai ba! Wa ya san cewa duk ƙwallon da na bi da gudu, ɗakinki nake hange a ƙarshen filin? Da me na yi ta haƙuri da karaya da targaɗe in ba da ke ba? A hutun shekarar nan ne na zo aka kai kayan sa rana gidanku, Baba ya karɓa da hannu biyu.

To, akwai wani abu da mutanen can ke yi, kuma shi ya kashe ni. Mutum yana zaune a gidansa zai zaɓi sunayen 'yan wasa a wayarsa, ya haɗa ƙungiyar da babu ita a ko'ina sai a wayar. In na cafe ƙwallo a fili, sai a ba shi maki. In na yi kyau, a ce darajata ta hau, kowa na rububina. In na yi rauni, a ce ta faɗi, a musanya ni da wani. Wasu nishaɗi suke yi, wasu kuma har kuɗi suke zubawa, ba zan ɓoye ba. Amma ban san su ba, ba su san ni ba! Ba wanda ya nemi izinina, ko sisinsu bai taɓa shiga aljihuna ba. Sunana kawai suke juyawa, ni ina can ina fama da gwiwata.

Yayanki Balarabe, Allah ya sani, da alheri ya yi. Murna ce ta ɗebe shi ranar Talata a tsakiyar kara, kasuwar shanu, ya zaro waya yana nuna wa Baba a gaban dillalai, wai a duba yadda surukin gidansu ya yi tsada, wai shi ma ya same ni da araha tun ban yi suna ba, yanzu abokansa na ta roƙo ya sakar musu ni. Haba Balarabe! A gaban wa? A gaban mutumin da ya yi furfura yana taya shanu, wanda ya san abin da ake cewa ya yi tsada, ya faɗi, a musanya shi, ƙafa huɗu gare shi da igiya a wuya! An ce wani mahauci ya tambaya ko an duba haƙorana, kara ta ɗauki dariya. Baba bai yi dariya ba. Washegari ya aiko wa Kawu Gidaɗo da kayan nan cif, ko ƙwayar goro ba a taɓa ba, da saƙon cewa ba zai ba da ɗiyarsa ga wanda ake ciniki da caca a kansa ba. Kawu ya je ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Baba ya ce idonsa ya ga sunana da farashi a gefensa, kuma shi abin da ya gani yake bi.

Wayyo Taibatu, tun ranar da labarin ya iske ni hannuna ya daina jin maganata. Ƙwallo za ta taho daidai ƙirjina, in ga fuskar Baba, ta zame. Ta sake zuwa, in tuna kayan nan jibge a zauren Kawu, ta sake zamewa. Waɗanda ke rububina jiya suka shiga zagina a waya, wai na ja musu asara, wai a yar da ni kafin in ƙara ruɓewa. Ban ji zafinsu ba ko kaɗan. Murna ma na yi, na ce to madalla, in darajar ta ƙare ƙila a bar ni in zama mutum. Sai na ga me nake jira? Na je wurin koci, na cire safar hannun da nake cafe ƙwallo da ita, na ajiye masa a kan tebur. Ya yi ta lallashi, ya ce rauni ne na zuciya kuma yana warkewa, ya ce wanda ya fita a tsakiyar kakar wasa ba a sake buɗe masa ƙofa. Na ce na sani. Na fita ban waiwaya ba, ina jin kamar an sauke min buhun shinkafa daga ka.

Jiya Kawu ya koma gidanku da albishir: Nasidi ya bar ƙwallo, an goge sunansa daga wayoyi, ba mai sayensa ba mai sayar da shi. Na zauna a ƙofar gida ina jiransa, na sa sabuwar riga kamar wawa. Da ya dawo bai iya kallona ba. Wai Baba ya ce ya ji, kuma ya yaba. Amma ya ce namijin da zai saki sana'ar da ke ci da shi a rana ɗaya saboda ɓacin rai, haka zai saki mace. Kuma yanzu da ba ni da aikin yi, da me zan riƙe masa ɗiya? Innalillahi! Ina da daraja an ƙi ni don ana tayawa, na zubar da ita an ƙi ni don ba mai tayawa. Ina zan sa kaina, Taibatu? Wace ƙofa ce ta rage ban ƙwanƙwasa ba? Ba na zagin Baba, uba ne, tsoro yake ji miki. Amma na rantse da Allah ya karya ni.

Ya ke tauraruwar asubata, ya ke zumar da ban ɗanɗana ba, kowa ya faɗi abin da na kai. Baƙin da ban taɓa gani ba sun faɗa, koci ya faɗa, mahautan kara sun faɗa, Baba ya faɗa har sau biyu. Ke kaɗai ce ba ki ce komai ba. Wayarki a kashe, Balarabe ya ce kin daina fita, kin rame, kina ta aikin gida ba magana. Shirun nan na biyayya ne, ko na gajiya da ni? Ba na ce ki saɓa wa mahaifinki ba, Allah ya kiyaye, ba zan karɓe ki ta bayan gida ba ko da za ki yarda. Kalma ɗaya nake roƙo, ki ba Inna ta ba Kawu: in jira, ko kada in jira. In kin ce kada in jira, ba zan yi miki baki ba. Sai dai ki sani ba ki sallame ni zuwa ko'ina ba, don ba ni da sauran wurin zuwa.

Ga abin da na yanke. Ranar Juma'a mai zuwa, in an sauko masallaci, zan zo zauren Baba in cire takalmi in durƙusa in gaishe shi. Ba zan roƙi komai ba, ba zan ambaci sunanki ba. In ya kau da kai, in tashi in tafi, wata Juma'ar in dawo. Haka zan yi ta yi har ya gaji da ganina ko ni in tsufa a ƙofarsa. In kin ji sallamata a zaure, kada ki leƙo, kada ki ja wa kanki faɗa. Ki dai tsaya da abin da kike yi kaɗan, ki amsa a zuciyarki.

Naki, ko an ba ni ke ko an hana ni, har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Nasidi