Makullin Famfo

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Yaya da yaranta. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni jikina ƙalau, zuciyar ce dai ba ta zauna ba tun ranar Talata.

Da safen ranar na fito da bokitina, na tarar da mai wankau, sabuwar 'yar hayar da ta kama ɗakin bakin ƙofa, tana layin famfo da goyo. Yaron zazzaɓi yake, kansa duk ya langaɓe. Layi na zuwa kanta, Kawu ya murɗe famfon, ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Wai ta yi shanya a ƙofarsa, ya yi magana ta mayar masa. Ya ce ba da ita aka yi yarjejeniyar gidan nan ba, don haka ba ta da layi sai ta ba shi haƙuri. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi: "To tunda ba da ni aka yi ba, wa ya ba ka ƙishina ka riƙe?"

Inna, kin san famfo ɗaya ne a gidan. Da can mai ƙarfi ke cika duro, marar ƙarfi ya kwana da datti. A wajen faɗan ruwan ne maƙwabcinmu mai aski ya rasa haƙori, har yau in ya yi dariya sai a ga tarihin famfo. Da muka gaji muka zauna ƙarƙashin matakala, kowa ya yarda ya daina buɗewa da kansa. Aka sa kwaɗo, aka ba Kawu makulli saboda shi ne babba. Kowa ya ajiye bokitinsa a layi, alamar ya amince. Gidan ya yi lafiya. Abu ɗaya muka manta: ba wanda ya tambayi yadda za a karɓi makullin in mai riƙon ya sauya.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Auta

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso ta bakin Yaya. Kin ce in ja bakina, ƙaninki ne, kuma uba ne a gare ni. Na ji, wallahi na ji. Shi ya ɗora hannuna a kan zarto, ɗakin da nake kwana ma da sunansa aka kama. Jiya a shago ya tuna mini wannan, yana goge katako, ko kallona bai yi ba.

Mai wankau ta kai kuka, an sa taro ranar Lahadi. Kawu ya ce shi bai rufe komai ba, ruwa ne ya ɗauke. Mai aski ba ya nan ran nan, shi ya sa yake bina har bakin banɗaki yana tambayar abin da na gani. Direba na cewa a fasa kwaɗon kowa ya huta. Tela kuma ya ce in an fasa, a tanadi kuɗin haƙora.

Ni kam na kasa zama wuri ɗaya. Na auna katako na yanke shi gajere, Kawu ya ce ko aljanu ne suka shafe ni. Abin da ke cina shi ne, Inna, mu muka ba shi makullin nan don kowa ya sha, ba don a riƙa durƙusa masa ba. Aro ne, ba gado ba. Yau mai wankau ce. Gobe in tsohuwa irinki ta kama ɗaki fa?

A gaida Yaya, a ce ta karanta miki a hankali.

Ɗanki,
Auta

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara tun kafin ki ji sauran.

An yi taron. Kawu ya maimaita zancensa, kowa ya sunkuyar da kai. Aka juyo kaina. Sai na tashi na je layi, na ɗauki bokitina na kife shi a gaban famfo. Na ce da shi na amince, da shi na janye, don na ga an rufe wa mai goyo ruwa yana zuba. Can sai mai aski ya kife nasa, direba ya biyo, har layin duka ya zama gindin bokitai. Kawu ya dube su ya dube ni, ya ajiye makullin a kan matakala ya shige ɗaki.

Yanzu ɗaki-ɗaki ake riƙe makullin, mako-mako, har da na mai wankau, kuma wanda aka kife wa bokiti ya miƙa. Yaron ya samu sauƙi. Ni kuma Kawu ya ce kada in ƙara taka shago, in kuma bar masa ɗakin. Kayana suna ɗakin mai aski, ina neman wani kafintan.

A gaida kowa.

Ɗanki,
Auta

Inna, Kawu zai zo ya ce miki ƙarya na yi masa. Ba ni kaɗai na gani ba. Tela na bayana a layi, ya yi kamar yana gyara takalmi. Matar Kawu kuma tana tagar kicin. Ita ta kai wa mai wankau ruwa a ɓoye cikin tulunta. Ban ambace ta a taro ba, ke kaɗai na faɗa wa.