Gilashin Agogon Baba da Hannun Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Nan gida Inna tana samun sauƙin gwiwarta, har ta koma zuwa kasuwa da ƙafarta duk da hanin likita. Maiɗakina da yara lafiya lau. Ka san ni ba mai yawan rubutu ba ne, kuma na daɗe ina juya wannan magana kafin in sa ta a takarda, don haka ina roƙon ka karanta har ƙarshe kafin ka amsa kiran kowa.

A makon jiya ƙanwarmu Auta ta zo da agogon Baba, wanda ka amince a bar mata bayan rasuwarsa. Ta ajiye shi a teburina tana dariya, ta ce ga mara lafiya ta kawo wa likitan agogo, wai daga kan kabad ya faɗo. Gilashinsa ya tarwatse. Ka tuna irin na dā ne, na roba mai tudu, wanda kan yi zane amma ba kasafai yake fashewa ba. Na tsince ɓaraguzan da hantsaki, na auna bakin, na sami wanda ya dace a cikin tsofaffin da nake tarawa. Da na sa madubi a ido sai na ga fuskar agogon ta lotsa a tsakiya, hannun minti ya lanƙwashe, hujin maɗaurin fata kuma ya yage. Abin da ya faɗo daga kabad a gefe yake buguwa, maɗaurinsa ba ya yagewa. Na miƙe hannun mintin a hankali, na kama sabon gilashin da ƙarfen nan mai haƙora da ke matse shi, na zaunar da shi, na sa sabon maɗauri.

Ina da wata ɗabi'a da kuke yi mini dariya a kanta: duk agogon da na gyara, ni nake ɗaura wa mai shi da hannuna, don in ga yadda ya zauna. Na ce ta miƙo hannu, ta ce a sa mata a leda. Na sake cewa ta miƙo. Da ta janye hannun riga, Yaya, daga wuyan hannu har gwiwa baƙi ne da kumburi, ga shatar kan bel a fili, ga wurin da agogon ya nutse cikin nama. Da wannan hannu ta kare fuskarta. Maiɗakina ta shiga da ita ɗaki, ta fito ta ce mini bayanta ya fi hannun muni, kuma akwai tsofaffin tabo a ƙarƙashin sababbi. Na ce Auta ba za ta koma ba a ranar.

Da la'asar mijinta Dogo ya zo. Bai yi sallama ba. Ya daki ƙofar ɗakin aikina har sakata ta fita, ya ce in fito masa da matarsa. Na ce ya zauna mu yi magana. Ya ce ba ya magana da namijin da ke wasa da tsinke kamar mai kitso, ya ɗaga teburin ya kife shi, agogunan mutane da kwalaben ƙananan kusoshi suka watse a ƙasa. Auta ta ji ƙarar ta fito, kuskurenta kenan. Ya cafki wannan hannun mai ciwo ya murɗa, ya ja ta a ƙasa zuwa ƙofa tana kiran sunan Baba. Na riƙe rigarsa, ya juyo ya haɗa kaina da bango, ya ɗauki ƙarfen matse gilashi ya sauke mini a hannun dama. Yatsuna biyu sun karye, shi ya sa ka ga rubutun nan a karkace. Maiɗakina ta buga masa kujera a baya, ya mare ta har leɓenta ya fashe. Sai da telan da ke maƙwabtaka da mu da mai shagon gaba suka shigo suka danne shi aka ɓamɓare yatsunsa daga hannun Auta. Yana fita yana cewa zai kira ka, kai ka san darajarsa, kuma da bakinka za ka ce ta koma.

Wannan ne dalilin wasiƙata. Na san abokinka ne tun makaranta, na san kai ka tsaya masa wajen neman aurenta, kuma ban ɗauki wannan a matsayin laifi ba, domin mutum ba ya ganin cikin ɗan'uwansa. Na kuma san duk lokacin da ta kira ka da kuka kakan ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ta yi haƙuri. Ta yi. Amma gani ya kori ji, ni kuwa na gani. Kai ne babba, kai ne a madadin Baba, ban taɓa ƙetare maganarka ba tun muna yara. Ina roƙonka kada ka umarce ta da komawa, domin idan ka faɗa za ta koma, ko da za a fito da ita a makara. Idan kuwa ka ga lallai sai ta koma, ina neman afuwa tun yanzu: sai ka zo da kanka ka duba bayanta, sannan ka cire ta daga gidana, ni ba zan buɗe wa kowa ƙofa ba.

Inna ba ta sani ba tukuna, da na je gidanta gaishe ta na ce mata ƙofar mota ce ta datse ni. Ka gaishe mini da uwargidanka Yaya ta ɗaki, da 'Yan Biyu, da Ƙaramar Inna, da Kawu idan ya leƙo ku. Maiɗakina tana gaisuwa. Auta ma tana gaishe ka, ta kuma tambaye ni ko kana fushi da ita. Na ce mata ban sani ba. Wayarta tana kusa da ita, ina roƙon ka kira ta kafin ka kira shi.

Allah ya tsare ka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninka mai biyayya.