A Dawo Mini da Taruna, Ku Kuma Haɗa Taswirarku

Zuwa ga shugaban ofishin kula da dazukan bakin teku, da takwaransa na kula da ruwan da aka hana kamun kifi a cikinsa.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya kuma wannan zaman takunkumi?

Sunana Ɗantani, masunci daga Yawuri. Ban yi boko ba, surukata ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma hana ta rage ko kalma. Na zo Kuala Lumpur duba ɗana Bala mai karatun kifi, korona ta rufe hanya. Da zaman bene a unguwar Pantai Dalam ya ishe ni, na saƙa masa ƙaramin taru, wata uku cur, don ya riƙa kamo 'ya'yan kifi ya auna ya saki.

Na ɗaya. Da aka sassauta kulle, ofishin daji ya ba shi takarda ya shiga cikin itatuwan nan masu tsayuwa a laka, da kuke kira bakau. Da safe ya shiga, ruwa ya janye. Kafin azahar ruwa ya dawo har gwiwa, sai ga mutanen ofishin teku a jirgi, wai yanzu yana cikin ruwansu. Yaron ko taku ɗaya bai matsa ba! Suka karɓe taruna.

Na biyu. Ya nuna mini taswirorinku. Kowa ya ja layinsa, layukan sun hau juna kamar ƙafar masu kokawa. Ranku ya daɗe, kifin da ke ƙwai a gindin itacen nan, wa zai nuna wa takarda? A garinmu, in Sarkin Ruwa ya rufe gurbi, ya rufe ruwa da ciyawarsa da baki guda. Ban ce ku buɗe wa kowa ba, ni ma na san hani.

Na uku. Bala ya ce in yi shiru, mu baƙi ne. Na ƙi. Ba taru ba awo, ba awo ba gama karatu, ni kuma na rantse tare za mu koma.

Roƙona: ku zauna tabarma ɗaya ku zana taswira ɗaya, takarda ɗaya ta isa ko ruwa ya cika ko ya janye. Sannan a dawo mini da kayana. Kafin nan, don Allah wanda ke riƙe da shi ya shanya shi a inuwa. Taru ba ya son a naɗe shi da danshi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yaye mana annobar nan.

Wassalam.
Ɗantani Masunci.