Kun Sa Ni Takaba Mijina Yana Raye

Zuwa ga Mai girma Shugaban Gidan Zane-zane da Hotuna na Jami'a,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ana lafiya.

Ni ce matar da ke rataye a bangonku, wadda kuka rubuta wa "Matar hamada tana jiran ayari". Sunana Rakiya, 'yar Damagaram, ina aure a Tamanrasset. Mijina kanti gare shi, ko raƙumi ɗaya bai mallaka ba.

Na farko. Bayan sallar layya ta bara ma'aikatanku biyu suka same ni a ƙofar gida ina karatu, suka nemi su ɗauke ni hoto. Tun ina lekkol, wato makarantar boko, nake son ƙananan littattafan soyayya, inda ake zana mace da kwalliyarta. Na zaci haka za ku yi mini. Suka ce gidanku an gina shi ne don mutanen ƙasa su ga kansu yadda suke. Mijina ya amince.

Na biyu. Suka karɓe littafin, suka ce in cire 'yan kunne da awarwaro da agogo, wai sun yi zamani da yawa. Suka lulluɓa mini wani tsohon zane, suka ce kada in yi murmushi. Ranka ya daɗe, a wurinmu matar aure da ta tuɓe ado ta zauna haka, takaba take yi. Malamai ne ku, amma babu wanda ya tambaya.

Na uku. Ba ku tsaya a bango ba, kuka buga hoton a kati kuna sayarwa. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kai shi Damagaram. Surukata ta gani ta faɗi, maƙwabta suka cika gida da ta'aziyya. Da ta ji ɗanta yana raye, sai ta aiko cewa mutuwa nake yi masa fata, ya sallame ni. Har yau bai amsa mata ba, ni ma ba ya duban fuskata.

Ku sauke hoton. Ku daina sayar da katin. Ku rubuto da hatiminku cewa mutanenku ne suka shirya ni haka, liman ya karanta wa surukata. Ku hanzarta, tana tafe da motar ƙarshen wata.

Allah ya kare iyalinka daga ganin abin da na gani.

Wassalam.

Rakiya, matar Malam Isufu mai kanti,
Tamanrasset