Gidan Haya a Sergipe, Laraba Ba Takalmi

Malam Sulaimanu, ka taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, shekara goma sha ɗaya ina hawa tudun garin nan da buhunan sukari. Bara waccan na fanshi kaina, har na sayi takalmi, tunda a nan bawa ba ya sa takalmi. Yana matse ni, amma ina sa abina. Matata Laraba har yanzu tana hannun uwargijiyarta. An yanka kuɗin fansarta, kuma watan gobe ni ke da ɗaukar adashi.

Sai ga Usman. Ba uwarmu ɗaya ba, amma jirgin bayi ɗaya ya ƙetaro da mu ƙasar nan, sarƙa ɗaya, ka san wannan ya fi ciki ɗaya. Wai ya samo gida can wani lardi mai nisa da ake kira Sergipe, mu haɗa kuɗi mu saya mu zuba 'yan haya, cikin shekara biyu mu fanshi Laraba har da rara. Shi ma bai ga gidan ba, amma ya ga wanda ya gan shi. Takardar gidan kuma da sunan tsohon ubangidansa za a rubuta, don mutumin kirki ne. Ba zan ɓoye maka ba, ina marmarin ranar da Bature zai tsaya yana ba ni haƙuri kan kuɗin haya. Ina kuma jin kunyar ce wa Usman a'a. Laraba ta ce duk abin da na gani.

Mai Sabon Takalmi

Mai Sabon Takalmi, barka da zama mai gida. Gida ne da sai ka roƙi takardar izini wajen hukuma kafin ka je ka leƙa shi, kuma mutumin kirkin da ya taɓa mallakar ɗan'uwanka ne zai riƙe muku. Tsarin ya yi kyau, musamman gare shi.

Ban zargi Usman ba. Haya sana'a ce, zumuncin jirgi kuma ba abin wasa ba ne. Sai dai haya tana son idon mai ita, uwargijiyar kuma ba ta yi maka alkawarin jiran shekara biyu ba. Ranar da ta ga dama, sai ka ji an sayar da Laraba ga masu gonar rake. Ka gaya wa Usman gaskiya, wanda ya san nauyin sarƙa zai gane. In gida kuke so, nan gaba ku nemi ɗaki kusa, da sunanku.

Da Laraba ta ce duk abin da ka gani, ƙafarta take so ka duba. Ka ɗauki adashinka ka kai wa uwargijiyar, a hanyar dawowa ku biya wajen baduku. Allah ya sa nata kada ya matse ta.